Ranar da na yanka wa Baba albashi

Da na kawo wa Baba takardar shiga jami'a, na same shi a bakin shago yana warware wa wata Hajiya turmin atamfa. Sai da ya sallame ta sannan ya ce in karanta masa abin da aka ba ni. Na ce kos ɗin gudanar da kasuwanci ne, wanda ɗalibai ke kira Biznes Admin. Ya yi shiru yana kallona, can ya ce, "Kasuwanci za ka tafi koyo? Wurin wa? Malaman naku a wane layi shagunansu suke?" Maƙwabtanmu 'yan atamfa suka kwashe da dariya. Tun daga ranar sunana na yanka ya ɓace a Babbar Kasuwar Katsina. Manaja ake ce mani har yau, yara da manya.

Gaskiya ɗaya ce, ni ma ba son kos ɗin nake ba. Lauya na so zama. Sau biyu ina zana JAMB maki yana gazawa, a karo na uku wani yayanmu ya ce in daina wahalar da kaina, tunda ina da kiredit a lissafi da tattalin arziki, in sauya darussa in nemi abin da ke samuwa. Babban burina a lokacin shi ne in rabu da kasuwa: zafin kwano da rana tsaka, ƙura, hayaniya, da jayayya da mata kan naira hamsin. Sai ga shi abin da nake gudu shi aka rubuta mani a takarda. Sa'ar da muka yi, mu ba sai mun tafi Zariya ko Kano ko Sakkwato kamar yayyenmu ba. Ga Al-Qalam tun 2005, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2006 wadda ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga ta tarayya a Dutsin-Ma tun 2011. A ɗaya daga cikinsu na samu gurbi, na fara a 2018.

Duk wanda ya gudo daga lissafi ya faɗo wannan kos, ya yi gudun gara ya tadda zago. Shekarar farko akwai lissafin kasuwanci, da tattalin arziki, da akanta. Ta biyu ƙididdiga ta shigo, da dokokin ciniki, da dabarun tallata kaya, da ƙa'idojin shugabanci. Gaba kuma sarrafa kuɗi, da kula da ma'aikata, da hanyoyin bincike, sannan firojet. Ni dai akanta ce ta kayar da ni tun a shekarar farko. Kariyoba. Ban gaya wa kowa a gida ba. Hadda kawai nake yi, debit a hagu, kiredit a dama, ban san abin da ake zubawa a hagun ba balle daman.

Da na koma maimaita darasin, wani dattijon malami ne ya ɗauke mu. Ranar farko bai taɓa allo ba. Ya ce duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke kasuwanci ya ɗaga hannu, fiye da rabin aji suka ɗaga. Ya ce, "To, in mahaifinka ya sa hannu a kuɗin ciniki ya ba da cefane, kuɗin wa ya ɗauka?" Muka ce nasa mana. Ya ce a nan muka faɗi, kuma a nan iyayenmu da yawa suke faɗuwa. A wurin mai akanta, shago mutum ne mai zaman kansa. Ranar da ka zuba masa jari, ranta masa ka yi. Ranar da ka ɗauki ko sisi, sai a rubuta ka ɗauka, kamar yadda za a rubuta wa baƙo. Kowace naira kuma tana da inda ta fito da inda ta shiga, shi ya sa ake rubuta ta sau biyu. Ya ce ba Turawan yau suka ƙirƙiro wannan ba, wani malamin coci ɗan Italiya, Luka Fachioli, shi ya fara buga shi a littafi a birnin Benis a 1494, kuma abin da ya ga fatake suna yi ne ya tattara. Daga nan ya ba mu aiki: kowa ya nemi sana'a ta gaske, ko ta mai ƙosai ce, ya rubuta shige da ficen kuɗinta na wata guda.

Ni ina da shago a hannu, sai na sayi littafi mai bango mai kauri na fara, ba tare da na nemi izini ba. Ƙarshen mako ina zaune da kaina, sauran ranaku wani ƙanena yana rubuta mani.

Sai na bayyana yadda Baba yake tafiyar da harkarsa, don a gane abin da na tarar. Aljihu biyu ne a kaftaninsa, na ƙirji na ƙananan kuɗi, na gefe na manya. Duk asusun shagon ke nan. Daga Kantin Kwari a Kano yake saro atamfa da shadda da leshi, wurin wani Alhaji da ya yi wa yaron shago shekaru kafin ya sallame shi. Ba ya biya duka, sai ya sayar ya kai. Shi kuma ya rarraba wa 'yan kiri, da masu tebur, da dillalai mata masu shiga gidaje, da masu cin kasuwannin Jibiya da Mashi da Charanci da Mai'aduwa, su ma sai sun sayar su kawo. Daga sama har ƙasa bashi ne, hanjin da ke cikin kowa. Yawancinsa a ka yake riƙe da shi. Wanda ya yi nauyi ya rubuta da ajami a bayan kwalin da ake naɗe shadda, ya cusa a ƙarƙashin dardumarsa.

Aikin wata ɗaya ya zama na wata uku, don na kasa dainawa. Lokacin an rufe iyakokin ƙasa tun watan Agusta na 2019, mutanen Maraɗi da ke zuwa su ɗauki kaya da yawa suka ɗauke ƙafa. (Ta Jibiya ma ba a sake buɗe ta ba sai 2022.) Ciniki ya ja baya ƙwarai, amma abin da ke fita daga aljihun gefe bai san an rufe boda ba. Gida mai mutum sama da ashirin: cefane, kuɗin makaranta, asibiti, gudummawar biki da suna, ga 'yan uwa daga ƙauye da ba sa komawa hannu rabbana. Da na tara na cire, sai na ga abin da gida ke ci ya haura ribar da shago ke kawowa, wata uku a jere. Ba riba muke ci ba, uwar kuɗi muke gutsura.

A nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Bayan isha'i na same shi a zaure, ko zama ban yi sosai ba, na buɗe littafi ina zuba bayani, ina tsarma Turanci. Na ce, "Baba, jarinka kake ci. Mafita ita ce a yanka maka albashi, abin da ya wuce haka ba a taɓawa." Bai iya karatun boko sosai ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Ya karɓi littafin, ya haska da fitilar waya, yana bin layi da yatsa har ƙarshe. Sannan ya ce, "Manaja, ina kuɗin rijistarka? Ina na wayar nan da ke hannunka? Ina na kwamfutar da ka ce in babu ita babu karatu?" Wallahi ko ɗaya ban rubuta ba. Ba ɓoyewa na yi ba, zuciyata ce ba ta lissafa su a matsayin ɗauka ba. Da za a tara, a cikin watannin nan babu wanda ya kai ni cin kuɗin shagon. Ya rufe littafin ya miƙo mani, ya ce, "Ka ƙirga kowa ka tsallake gafiyar da ta fi kowa ɓarna. Kuma ni za ka yanka ma albashi, a shagon da na buɗe tun uwarka tana gidansu?"

Mako biyu in na gaishe shi "lafiya" kawai yake cewa. Inna ce ta kira ni ɗaki, ta ce ta ji komai. Ta ce, "Abin da ka faɗa na daɗe da saninsa, don ni ke karɓar cefanen. Amma a tsaye ka faɗe shi. Babba a durƙushe ake gaya mashi gaskiya."

Sai 2020 ta zo da korona, malaman jami'o'i kuma suka shiga yajin aiki daga Maris har Disamba. Da aka sassauta kulle na koma zaman shago daga safe zuwa magariba, bakina a rufe, idona a buɗe. A watannin nan na ga abin da ba na gani a da, don a da kallon raini nake yi wa wurin. An koya mana a aji cewa kafin a ba mutum bashi ana duba abu biyar: halinsa, da ƙarfin biyansa, da jarinsa, da jinginarsa, da yanayin kasuwa. Na haddace su na ci jarrabawa. Baba bai taɓa jin su ba, amma in baƙo ya nemi kaya sai ya tambaye shi ɗan gidan wa ne, wa ya turo shi, a wace kasuwa yake shimfiɗa, kuma kafin ya gama shan ruwan da aka kawo masa an gama auna shi. Wata rana wani ya zo da babbar riga da ƙamshin turare, ya zaɓi kaya masu yawa, duk kuɗin da aka faɗa sai ya ce ba komai. Ni har na fara ɗaurewa. Baba ya ba shi haƙuri ya ce kayan na wani ne. Da ya tafi na tambaya, ya ce, "Wanda zai biya, tayawa yake yi har ranka ya ɓaci. Wanda bai taya ba, bai yi niyyar biya ba." Na duba littattafaina kaf ban ga wannan ba. In masu haɗa lefe suka shigo su biyar, mu yara mai surutu muke bi. Shi kuwa wadda ta yi shiru ta rungume jaka yake wa magana.

Wani abin kuma littafin makaranta ne ya fi gaskiya. Akwai wani Bafaranshe, Henri Fayol, injiniyan haƙar ma'adinai da ya jera ƙa'idoji 14 na shugabanci tun 1916, a ciki har da cewa ma'aikaci daga mutum ɗaya zai riƙa karɓar umarni. A shagonmu yaro ɗaya Baba zai aike shi banki, yayana ya aike shi tasha, ni in ce ya tsaya ya jera kaya, in abu ya ɓace kuma a rasa wa za a tambaya. Wannan da kaina na gyara shi a hankali, ban kira sunan kowane Bature ba.

Abin da ya buɗe ƙofar da na rufe da wautata, zakka ce. Baba a Muharram yake fitar da tasa, kuma kintace yake yi: ya dubi kaya, ya dubi sama, ya faɗi adadi. Baffanmu, ƙanensa, malami ne mai ba da karatu a zaure. Na je na durƙusa na tambaye shi hukuncin zakkar mai shago, na kuma roƙe shi ya ja zancen ranar da Baba yake wurin. Haka aka yi. Baffa ya ce a fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, ɗan kasuwar da ke juya kaya kullum sai ya yi wa hajarsa ƙima duk shekara, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya duba wanda ake bin sa, in abin ya kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Ya ce haƙƙin talakawa ne, ba a yi masa "kamar zai kai kaza". Baba bai ce uffan ba. Washegari bayan la'asar ya ce a jawo ƙofa, ya ce, "Ɗauko littafin nan naka."

Kwana uku muna ƙirga. Muka sauke kaya tun daga rufi, muka zaƙulo kwantai da ni kaina ban san da su ba, atamfofin da yayinsu ya wuce shekara uku, wasu rana ta cinye gefensu. Ya fito da kwalayensa na ajami yana karantowa ina rubutawa, wanda ke kansa ma ya zazzage. Da muka ware na Alhajin Kwari, muka ware bashin da shi da bakinsa ya ce ba zai dawo ba, abin da ya rage nasa bai fi rabin abin da yake zato ba. Ya daɗe yana kallon bangon shagon. Ya ce, "Shekara biyar baya, wannan bangon har sama yake cika, kuma duk nawa ne." Bai yi zancen albashi ba, ni ma ban yi ba. Abin da ya ce kawai, in ci gaba da rubutu, kuma in fara da kaina.

Kwantan nan ma sai da aka kai ruwa rana. A wurinsa sayar da kaya ƙasa da yadda aka saro abin kunya ne. Ni kuma ina ganin kuɗi ne a kwance, da sun juya sau huɗu ko biyar a shekara. Da kaka ta yi, manoma suka samu kuɗi, ya yarda aka karya su aka bai wa masu cin kasuwar ƙauye, da sharaɗin kada a yi a gabansa.

A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a Babbar Kasuwa, saura kamar mako uku a kama azumi, lokacin da kowa ya cika shago da kayan Sallah. Ina makaranta aka kira ni. Kafin in iso an ci ƙarfin wutar, kuma Allah Ya tsare layinmu. Mutane suna ta zuwa yi wa Baba barka. Ni kuwa da dare na buɗe littafi cikina ya ɗuri ruwa. Mutum bakwai daga cikin masu ɗaukar kayanmu ba su fita da ko ƙyalle ba, kuma abin da ke hannunsu ya kusa kashi ɗaya cikin uku na duk bashin da muke bi. Shagonmu bai ƙone ba, amma kuɗinmu sun ƙone a shagunan wasu. Ga Alhajin Kwari yana jiran nasa kafin Sallah.

Wannan karon a durƙushe na yi magana, a gaban Baffa. Na ce a kira su bakwai ɗin, kowa ya sa hannu a kan abin da ake bin sa, a yanka masa lokaci, kuma kada a ƙara wa kowa ko yadi sai ya fara biya. Haka aka koya mani, kuma a takarda daidai ne. Baba ya ce gobe da safe za a ɗaure wa kowannensu kaya a kai masa. Na ce da wane jarin? Ya ce, "In ban ba su ba, da me za su biya na baya? Da toka?" Ya jawo ayar da ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, in an yafe ma ya fi alheri. Ni ma na jawo tawa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce in kun ƙulla bashi zuwa wani lokaci ku rubuta shi, kada ku ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. Baffa ya yi murmushi. Ya ce, "Yaya, taka ita ce ta 280 a Baƙara. Ta yaron nan ta 282. Aya ɗaya ce tsakaninku, kuma ita ce mai cewa a ji tsoron ranar komawa ga Allah. Ku ɗauki duka ukun mana."

Haka aka yi. Kowane ɗaya na buɗe masa shafi biyu. Na tsohon bashi, an rubuta adadi a gabansa da shaidu, amma ba a sa rana ba. Na sabon kaya kuwa da rana da komai. Biyu daga cikinsu kuka suka yi da aka kai masu ɗaurin.

Sai zuwa Kano. Baba ya ce in shirya in raka shi, in riƙo littafi. Alhaji ya tsufa, yana zaune a kujera yana jan carbi, ɗansa ne ke kan tebur da kwamfuta. Baba ya faɗi abin da ya faru bai rage komai ba. Alhaji ya ce shekara talatin ya san shi, ba ya bukatar ganin takarda, a ɗaga masa har bayan Babbar Sallah. Ɗan kuwa ya ce shi yana bukata, don shi ma akwai waɗanda zai yi wa bayani. Na miƙa masa. Ya yi kusan rabin awa yana dubawa, yana tambaya ina amsawa: nawa ke waje, nawa ake sa rai, kaya nawa ke ƙasa. Da ya gama ya ce a ƙara mana dila biyu a kan abin da muka roƙa. Na lura Baba yana kallona ta gefen ido, bai ce komai ba.

A mota muna dawowa, mun wuce Bichi, ina gyangyaɗi, sai na ji ya ce, "Manaja, albashin nan da ka ce. Nawa ne?" Barci ya watse. Na faɗi adadin da na daɗe da lissafawa, na mako-mako, tunda cefane ba ya jiran ƙarshen wata. Ya ce, "Albarka." Na zaci wasa yake, ashe da gaske ciniki za a yi. Na ƙara kaɗan, ya ce albarka. Na ce shago ba zai ɗauki fiye da haka ba, ya ce shago bai san kuɗin buhun gero ba. Fasinjojin da ke kusa suka sa baki, wani dattijo ya goyi bayansa, wata mata ta goyi bayana. Sai wajen Kankiya ya ce ya sallama, da sharaɗi biyu. Na farko a ware wani abu daban duk mako na gudummawa da taimako, don ba zai yarda mabukaci ya tsaya a gabansa ya ce masa Manaja ya hana ba. Na biyu, ni ma a yanka mani nawa, kuɗin makarantata kuma a rubuta su rance, in biya in na fara samu. Na ce na yarda. Ya ce, "Ba ka taya ba." Motar duka aka yi dariya.

Sauran karatun ya wuce da nasa wahalhalun. Firojet ɗina a kan yadda ƙananan 'yan kasuwa ke ajiye lissafi na yi shi. Ranar farko da na shiga layuka da takardun tambayoyi kowa ya ɗauka 'yan haraji suka turo ni, mutum uku kawai suka amsa, su ma ƙarya suka yi mani. Sai da Baba ya riƙa haɗa ni da yaro yana cewa a gaya masu ɗansa ne, aikin makaranta ne. Wani yajin aikin ya sake cin wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Digirin shekara huɗu sai a 2023 na ga ƙarshensa, da sakamakon da ɗalibai ke kira tu-tu, wato daraja ta biyu mataki na ƙasa. Kariyobar nan ta bi ni har ƙofar fita.

In an tambaye ni ko kos ɗin ya yi mani rana, ina cewa ya yi, amma ina da ƙorafi. Shekara da shekaru ana kawo mana misalan kamfanonin Amurka da Japan, ban tuna ranar da aka zauna aka warware mana yadda bashi ke gangarowa daga Kwari zuwa teburin mai kiri a Mashi ba, ko yadda adashi ke tara wa mata jari, ko tsarin ubangida da yaro da sallama, wanda ya fitar da 'yan kasuwa fiye da kowane aji da na zauna. Alhassan Dantata, da ya tashi daga fataucin goro ya zama babban mai sayen gyaɗa kafin rasuwarsa a 1955, a bakin tsofaffin kasuwa na fi jin labarinsa. Kuma takardar ba ta zuwa da jari. Abokan karatuna da dama har yanzu suna yawo da ita a ambulan. Wanda ya fi mu duka maki yana sayar da data da gyaran waya, kuma shi ma littafi biyu yake ajiyewa, nasa da na sana'a.

Kafin in gama mun yi wa shagon rijistar suna a hukumar rijistar kamfanoni, CAC, muka buɗe masa asusun banki nasa na kansa, muka karɓi na'urar POS. Baba ya ce ɓata kuɗi ne. Da aka sauya fasalin naira, takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo a farkon 2023, maƙwabta da ke rantsuwa ba za su taɓa karɓar tiransifa ba suka riƙa turo masu sayensu su biya ta wurinmu. Bai yaba ba, amma ya daina zancen ɓata kuɗi.

Shi ma ya rama. Da naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, ni ina bautar ƙasa ina duba lissafi ta waya ina murna riba ta ƙaru. Da na zo hutu ya ce in bar naira in ƙirga turmi. Na ƙirga, sun ragu. Muna sayarwa da riba a kan tsohon sari, in an je Kwari kuɗin ba sa sayen abin da aka sayar. Ya ce tun zamanin da naira ta fara zubewa a hannun soja ya koyi wannan: kafin ka faɗi kuɗin kaya, kira Kano ka ji yadda aka wayi gari. An koya mana wannan a aji uku, da dogon suna, na kuma amsa shi a jarrabawa. Ban gane shi a shagonmu ba sai da ya nuna mani da yatsa. Yanzu kowane shafin ƙarshen wata layi biyu ne, na naira da na turmi.

Mutum bakwai ɗin nan, biyar sun gama biyan tsohon bashi, uku daga cikinsu har yanzu a wurinmu suke ɗaukar kaya. Ɗaya ya rasu kafin ya gama. Ranar sadakar uku Baba ya sa na kawo littafin, ya kira babban ɗan mamacin ya nuna masa shafin, ya ja layi a kai da hannunsa. Na bakwai yana nan, duk Juma'a bayan masallaci yakan biyo ya ajiye abin da ya samu, wani makon dubu biyu, wani makon gaisuwa kawai. Shafinsa har yau babu rana. Nawa rancen na makaranta saura kaɗan, ana cira daga albashina.

Kwalayen ajamin ma ba su tafi ko'ina ba, suna nan ƙarƙashin darduma. Watan jiya na rufe lissafi na kai masa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga dardumar ya zaro kwali ɗaya. Ya ce dillaliyar Ƙofar Marusa turmi goma sha biyu ta ɗauka, ba goma ba. Na ce goma na rubuta. Ya ce biyun ta dawo ta ƙara ne bayan na tafi sallar la'asar, in kira ta in ji. Na kira. Goma sha biyu ne.